An ba ni gurbin karatun Turanci a jami'a: me ake karantawa a ciki, kuma ina zai kai ni?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce daga Gwammaja. Karatun lauya na nema, sai aka ba ni gurbi a sashen Turanci. Kawuna ya ce ɓata shekara huɗu ne kawai, tunda ƙarshenta koyarwa zan yi. Ni kuma makarantar gwamnati na yi, Turancina na baki bai nuna ba, ko da yake ina da kiredit a Turanci da adabi. Littattafan Hausa kuwa na karanta ba adadi. Don Allah me ake koyarwa a wannan kwas ɗin? Zai gyara mini Turancina? Wane aiki zan samu da shi?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya sanya alheri a wannan gurbi da kika samu.

Bari in fara da tambayarki ta tsakiya, domin a nan ne ɗalibai da yawa suke yin tuntuɓe. Sashen Turanci na jami'a ba ajin koyon magana ba ne. Shekara da shekaru ina koyarwa a wannan fanni, kuma kowace shekara sai na ga yaran da suka shigo da zaton za a zaunar da su a koya musu yadda za su riƙa zuba Turanci kamar masu karanta labarai a rediyo. Samista ɗaya ake yi jikinsu ya yi sanyi. Abin da ake yi a sashen shi ne a ɗora harshen a kan tebur a feɗe shi, a ga yadda aka gina shi, sannan a karanta abin da mutane suka rubuta da shi. Turancinki zai gyaru, sosai ma, amma ta hanyar yawan karatu da rubutun da kwas ɗin zai tilasta miki. Wanda ya ƙi karatun kuwa, zai iya fita da takardar digiri a hannu alhali wasiƙar neman aiki tana gagararsa. Na ga irinsu, kuma abin yana ci mini rai.

Karatun ƙafa biyu gare shi: harshe da adabi.

A ɓangaren harshe za ki fara da ilimin furuci da tsarin sauti. A nan za ki gane cewa haruffan Turanci 26 ne, amma sautukan da ake koyarwa a daidaitaccen furucin Ingila 44 ne, baƙaƙe 24, wasula 20. Hausa kuwa wasulanta biyar ne, kowanne da gajere da dogo, sai tagwaye biyu, wato ai da au. Kin ga ke nan bakin Bahaushe bai saba da rabin wasulan Turanci ba, kuma wannan ba gazawa ba ce, gadon harshe ne. Haka batun p da f da ake yawan tsokanarmu da shi. Hausa ba ta bambanta ma'anar kalma da waɗannan sautuka biyu, shi ya sa pan da fan suke fita iri ɗaya a bakin yaron da ba a nuna masa ba. Ranar da malami ya nuna miki cewa ɗaya da leɓɓa biyu ake yin sa, ɗayan kuma da leɓen ƙasa da haƙoran sama, matsalar da ta bi ki tun firamare za ta fara warwarewa. Za kuma ki fahimci dalilin da ya sa bread ya zama burodi, brake ya zama burki: Hausa ba ta son baƙi biyu su yi karo a farkon kalma, sai ta cusa wasali a tsakaninsu.

Daga nan sai ginin kalma, ginin jumla, ilimin ma'ana, walwalar harshe a cikin al'umma, da nazarin salo. Ginin jumla shi ne dodon ɗalibai, domin ya fi kama da lissafi: a ba ki jumla ki rarraba ta reshe-reshe kamar bishiya. Amma a nan ma Hausarki za ta yi miki rana. Idan ɗalibi ya rubuta "my father he came", ba shirme ya yi ba, "babana ya zo" ce ya ɗauko ya sa mata rigar Turanci, don Hausa ba ta jefar da wannan "ya" ko da an ambaci suna. Ɗalibin da ya san nahawun harshensa shi yake saurin kama irin wannan kuskure a rubutunsa.

Akwai kuma tarihin harshen, wanda ni dai yana cikin darussan da na fi so. Turanci bai faɗo daga sama da girmansa ba. A shekarar 1066 Normawa masu magana da Faransanci suka ci Ingila da yaƙi, aka ɗauki tsawon lokaci Faransanci ne harshen fada da kotu, Turanci kuwa na talakawa. Har yau tabon yana nan: dabbar da talaka yake kiwo sunanta cow ko sheep, naman da ake kai wa teburin masu mulki kuma beef ko mutton, kalmomin da suka fito daga Faransanci. Duk Bakanon da ya san yadda alƙali, shari'a, hukunci, littafi da alƙalami suka shigo Hausa daga Larabci ba zai sha wahalar gane wannan darasi ba.

Ƙafa ta biyu ita ce adabi: zube, waƙa da wasan kwaikwayo, har da adabin baka. Za ki karanta na Ingila, ciki har da Shekspiya wanda ya rasu a 1616, kuma Turancinsa zai ba ki wuya da farko kamar yadda tsohuwar waƙar ajami take ba yaran yanzu wuya. Za ki karanta na Afirka, da na baƙaƙen fatar Amurka da tsibiran Karebiyan. A manyan azuzuwa za a shigo da ra'o'in nazarin adabi, a aji huɗu kuma ki rubuta kundin kammala digiri a ƙarƙashin kulawar malami guda.

A nan ne nake so ki riƙe abin da kika faɗa a ƙarshen wasiƙarki da daraja. Kin ce kin karanta littattafan Hausa ba adadi, kamar wani abin da ba ya cikin lissafi. Yana ciki. Yarinyar da ta saba zama da littafi awa uku ba ta tashi ba, ta saba bin zaren labari, ta san lokacin da marubuci ya yi wa tauraruwarsa adalci da lokacin da ya zalunce ta, ta riga ta mallaki abin da ba a iya koyar da shi a lakca. Na fi samun sauƙin koyar da irinki a kan wanda ya fito daga makarantar kuɗi da Turanci mai santsi amma bai taɓa gama littafi ɗaya don kansa ba. Abin da zai canza shi ne irin tambayar da za a yi miki. Ba za a ce ki ba da labarin abin da ya faru ba. Za a ce: wa yake ba da labarin, me ya ɓoye, me ya sa aka buɗe da wannan fage, muryar wa aka danne? Kuma duk abin da kika faɗa sai kin kafa hujja da shafi da layi.

Wasu iyaye a garin nan suna tsoron abin da ke cikin littattafan Turawa, kuma ba na raina wannan tsoro. Gaskiya ne za ki ci karo da abubuwan da suka saɓa wa tarbiyyarmu da addininmu. Sai dai nazari daban, yarda daban. Ki dubi Chinua Achebe, shahararren marubucin nan ɗan Kudancin Nijeriya. Likitanci ya shiga karantawa a Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, daga baya ya sauya zuwa Turanci da tarihi da ilimin addini. A can ya karanta Mister Johnson, littafin Joyce Cary na 1939, wani Bature da ya yi aikin mulkin mallaka a ƙasar Borgu, kuma a Arewacin Nijeriya ya gina labarin nasa. Yadda aka siffanta baƙar fata a ciki ya ɓata wa Achebe rai, yana kuma cikin abubuwan da suka tunzura shi ya rubuta Things Fall Apart, wanda ya fito a 1958. Ki lura, labarin a ƙasarmu aka kafa shi, amma amsar daga Kudu ta zo. An daɗe ana rubuta mu da Turanci, ana karanta mu a ƙasashen da ba su taɓa ganin Dala ba, mu kuwa masu mayar da magana a cikinmu ba su da yawa. Zaynab Alkali ta buɗe wa matan Arewa wannan ƙofa da The Stillborn a 1984, Abubakar Adam Ibrahim kuma ya ci babbar kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG a 2016. Har yanzu filin yana da faɗi, kuma 'yar Gwammaja ta san abubuwan da babu wanda zai iya rubuta su sai ita.

Yanzu maganar kawu. Ki saurare shi da ladabi, domin tsoron zaman banza bayan digiri ne ya sa shi faɗin haka, kuma tsoro ne mai tushe. Gaskiya ne da yawa daga cikin masu wannan digiri koyarwa suke yi. Ni ban ɗauki wannan a matsayin faɗuwa ba. Babu ɗalibin da zai shiga jami'a a ƙasar nan ba tare da kiredit a Turanci ba, kuma kowa ya san yadda wannan darasi ɗaya yake tare yaranmu a ƙofa shekara bayan shekara. Ƙwararren malamin Turanci a Kano ba ya rasa mai nemansa. Idan koyarwar kika zaɓa, za ki ƙara difilomar ilimi ta bayan digiri, ki yi rajista da hukumar malamai ta TRCN. Bayan koyarwa akwai aikin jarida a gidajen rediyo da talabijin da suka cika garin nan, da jaridu, da sassan Hausa na kafafen ƙetare, inda kullum ake juya labari daga Turanci zuwa Hausa cikin gaggawa. Akwai tace rubutu, hulɗa da jama'a, aikin gwamnati, da ƙungiyoyin raya ƙasa masu buƙatar mai rubuta rahoto. Fassara kuwa, ki kalli rubutun Turancin da ake sakawa a ƙasan wasu finafinanmu na Hausa, za ki ga girman giɓin da idonki. Sai dai a duk waɗannan wurare ba takardar ake dubawa ba, shafi ɗaya za a ce ki rubuta.

Burinki na lauya ma bai mutu ba. Mai digirin farko yana iya neman shiga karatun lauya kai tsaye daga aji biyu, kuma aikin lauya rabinsa karatun nassi ne da iya jera hujja, abin da za ki shekara huɗu kina yi ke nan. Idan kuma sauya sashe kike so tun yanzu, ki je wurin jami'in kula da ajinku a makon farko ki ji ƙa'idar jami'arku, kada ki dogara da jita-jitar ɗalibai.

Kafin a fara lakca, ga abin da nake so ki yi. Ki samo littafin labari na Turanci mai sauƙi, na marubucin Afirka, ko a wurin masu sayar da tsofaffin littattafai a Sabon Gari ko a Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad, ki riƙa karanta shafi 20 kullum. Kada ki tsaya duba ƙamus a kowace kalma, sai wadda ta maimaitu ta hana ki fahimta. Ki ware minti goma ki karanta da ƙarfi, kunnenki ya ji bakinki. Ki sayi ƙamus na masu koyo wanda yake nuna furuci, ki kuma buɗe littafin rubutu guda da za ki riƙa rubuta rabin shafi kowace rana a kan abin da kika gani a unguwa. Idan aka fara karatu, ki guji tarkon da ya fi kowanne kama ɗalibanmu, wato karanta taƙaitaccen bayanin littafi a intanet ko a handawut a bar littafin kansa. Malami yana gane wanda ya yi haka tun daga sakin layi na farko. Ki nemi abokan karatu biyu ko uku ku riƙa tattauna abin da kuka karanta da Turanci, ko da kuna yi kuna kuskure, kuma idan kin ji reshen Kano na Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya yana zaman karatu, ki nemi izini a gida ki je ki saurara.

Ki kai wa kawu jerin darussan shekarar farko idan kin karɓo daga sashe, ku duba tare. Idan samista ta farko ta ƙare, ki sake rubuto mini ki gaya mini yadda kuka kwashe da ginin jumla.