Likita, an ce ɗana ɗan ruwa ne

Tambaya: Salam likita. Shekarata 41, haihuwa ta bakwai ke nan, yaron watansa huɗu, a asibiti sun ce lalurar Down ce, kuromosom ɗinsa ya yi yawa. Uwar mijina ta dage ɗan ruwa ne a kai shi gun mai magani. Na kuma ji gwamnatocin Turawa na zuba kuɗi a binciken yadda kuromosom ke rabuwa, an samo magani ne? Ko allurar tazarar haihuwa da na yi ce ta jawo? Wallahi ko barci ba na iya yi.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya shi. Allura ba ruwanta. Abin ya faru tun kafin ki ɗau cikin, wajen rabuwar da ake ce wa mayosis, inda ƙwan mace ya kamata ya tashi da kuromosom 23, wato ƙananan zaruruwan da ke ɗauke da gadon halitta a cikin ƙwayoyin jiki, sai kuromosom mai lamba 21 ya ƙi rabuwa, yaro ya zo da 47 maimakon 46. Tun 1959 aka gano haka a Faransa. Binciken da kika ji gaskiya ne, hukumomi irin NIH, hukumar binciken lafiya ta Amurka, da kuɗin haraji suke yinsa, kuma a jikin yis, eh na burodi, aka gano kohesin, sinadarin da ke riƙe kuromosom har lokacin rabuwa ya yi. Ƙwan mace tun tana cikin mahaifiyarta yake fara rabuwar nan ya tsaya, shekara arba'in yana jira, riƙon sai ya saki kamar tsohuwar robar ɗaure kaya. Shi ya sa in uwa tana shekara 35, wajen haihuwa ɗaya cikin 350 ce ke zuwa da lalurar, a 40 kuma ɗaya cikin 100. Maganin cire kuromosom ɗin daga jikin yaro dai babu.

To maganar ɗan ruwa, ita ce ke ƙona min rai, kullum sai an shigo min da ita. Yaro jikinsa lagwai-lagwai, wuya ya ƙi tsayuwa, harshe a waje, shi ke nan an yanke hukunci aljanu sun musanya shi. Laushin jikin nan alamar lalurar ce, haka ake haifarsu a Landan da Makka, su can wane kogi ne ya musanya su? Sai a turara jariri da hayaƙi a rufaffen ɗaki, a ɗura masa jiƙo a kofin silba, a karɓe miki tunkiya, alhali kusan rabin yaran nan da matsalar zuciya suke zuwa, yaron da nono ma sai ya yi gumi yana haki kafin ya ƙoshi shi ake shaƙa wa hayaƙi! Ranar da zai iso gunmu numfashi na fita da ƙyar, mai maganin ya kashe waya. Har da masu cewa a ajiye shi bakin ruwa ya koma gun danginsa. Wannan kisan kai ne, kuma Allah zai tambaya.

Ki kai shi asibitin koyarwa a yi hoton zuciya, a duba tayirod, wato ƙullutun wuya mai daidaita girma da aikin jiki, da ji da gani, a fara gashin jiki da wuri, zai zauna zai yi tafiya in sha Allah ko da ya makara. Ki nemi gwajin ƙirga kuromosom, don akwai wani nau'i kaɗan da ake gado daga uwa ko uba. In za ki dawo ki zo da maigidan da Hajiyar tasa, ni zan yi musu bayani.