Tambaya da Amsa: Wace ce Lucille ɗin B.B. King?

TAMBAYA: Salam Malam, don Allah a ɗan ba ni tarihin B.B. King, na ga bidiyonsa a YouTube yana ta ambaton Lucille, matarsa ce ko 'yarsa? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa'alaikissalam Malama. B.B. King mawaƙi ne kuma makaɗin jita na salon blues, kiɗan baƙar fatan Amurka. Lucille kuwa ba mata ba ce ba kuma 'ya ba, jitarsa ce fa! A lokacin sanyin 1949 yana wasa a wani gidan rawa a garin Twist na jihar Arkansas a Amurka, an kunna kananzir a cikin durom ana jin ɗumi, sai wasu maza biyu suka kaure da faɗa suka ture durom ɗin, wuta ta kama ko'ina kowa ya yi ta kansa, shi kuma gogan naku da ya fito ya tuna jitarsa ta dala 30 na ciki sai ya sake kutsawa cikin wutar ya ɗauko ta, da ƙyar ya sha. Daga baya ya ji ashe kan wata mata Lucille aka yi faɗan, shi ne ya laƙaba wa jitar sunan don ya riƙa tuna gangancin da ya yi, kuma duk jitar da ya riƙe bayanta haka yake kiranta.

Sunansa na yanka Riley B. King, an haife shi 1925 a gonar auduga a jihar Misisipi, ya tsinci auduga ya tuƙa tarakta kafin ya koma birnin Memphis ya samu shiga gidan rediyon WDIA. Waƙarsa "3 O'Clock Blues" ce ta fito da shi a farkon shekarun 1950, a 1956 kaɗai wasa 342 ya yi, ki lissafa ki ga hutun kwana nawa ya samu. Ya ci lambar yabon waƙa ta Grammy sau 15, har Kinshasa ya zo a 1974 bikin kiɗan da aka shirya saboda damben Muhammad Ali da Foreman.

Amma ni abin da ya fi burge ni, ba ya waƙa da kiɗa lokaci guda. Sai ya rera baiti ya yi shiru, jitar ta amsa masa kamar 'yan amshi, ya danne tsirkiya ɗaya yana karkaɗa yatsa har sai ta yi kuka. Masu gudun hannu sun fi shi yawa, amma irin su Eric Clapton, shahararren makaɗin jita ɗan Ingila, a wurinsa suka ɗebi salo, har faifai suka yi tare a 2000. Ciwon suga ya daɗe yana damunsa, ya rasu 14 ga Mayu 2015 a Las Vegas yana da shekara 89, aka binne shi a garin Indianola na jihar Misisipi.