Tambaya da Amsa: Hanya ce ta yi kaɗan, ko kayan ne ke yawan kwana a hanya?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan dakon kaya suka zo, har na rasa wacce zan ɗauka wacce zan bari. Na tsamo guda huɗu, wasu na rage musu tsawo saboda fili, a yi min afuwa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni akawu ne a wani kamfanin dakon kaya, kwanan nan aka saka ni cikin kwamitin da zai ba da shawara kan yadda za a gyara harkar jigilar kaya a yankinmu. To zaman farko da muka yi kowa ya buɗe baki sai ya ce a yi sabuwar hanya tagwaye, wani ya ce gadar sama, wani ya ce a sayo sabbin motoci, ni dai na yi gum don wallahi ban san ta inda ake farawa ba. Don Allah ta ina ake farawa? Daga wani akawu.

AMSA: Ɗan'uwa gum ɗin nan da ka yi ya fi duk maganganun da aka yi a zaman amfani. Da ƙirge ake farawa. Kafin a ambaci kwalta ko siminti, sai an san wane irin kaya ne ke motsi a yankin, daga ina yake tasowa, ina ya nufa, tan nawa ne, a wane wata yake yawa, kuma motar da ta kai shi da me take dawowa. Masu wannan aiki har tsayawa suke yi bakin titi kwana da kwanaki suna tsayar da direbobi suna musu waɗannan tambayoyin, yanzu kuma ana haɗawa da na'urar bin sawu da ke jikin motoci da takardun sikeli da na kwastan. Aiki ne mai gundura, ba a yanka kintinkiri a kansa, shi ya sa ake yawan tsallake shi.

Bari in ba ka abin da na gani da idona. Shekarun baya na taɓa bin wata tirela tun daga inda aka yi mata lodi har inda aka sauke, da ɗan littafi a aljihuna ina rubuta lokacin da taya ta fara juyawa da lokacin da ta tsaya. Tafiyar kilomita wajen 900 ce, in ka yi lissafi da gudun 50 a awa ai awa 18 kenan, ka ce kwana biyu har da barci. Kwana biyar muka yi. Yini guda ya tafi a bakin siton da za a yi lodi don injin ɗaga kayansu ɗaya ne kuma ya lalace, wani yinin a kan iyaka muna jiran mai hatimi wanda aka ce ya ɗan fita, yaron mota ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashin tirela ya yi barci ya tashi ya sake yin wani, direba kuwa sai zagaye motar yake yana ƙwanƙwasa tayoyi da ƙarfe alhali ya san lafiyarsu ƙalau, don dai ya samu abin yi. Da muka isa kuma an rufe get, sai da safe. Hanyar da muka bi fa ba laifi, akwai ramuka nan da can amma ba su ne suka ci mana kwana uku ba. In da kwamiti irin naku ya zo ya ninka faɗin wannan hanyar, ƙila awa biyu zai rage mana, an bar jaki ana dukan taiki kenan.

Wani lokacin kuma ƙirgen zai nuna maka lallai gini ake buƙata, amma a ɗan guntun wuri. Misali a Amurka, tashoshin jiragen ruwa na Los Angeles da Long Beach suna manne da juna, jiragen ƙasan da ke kwaso kwantena daga can sai sun ratsa ta tsakiyar unguwanni suna tafiyar hawainiya, suna tsare motoci a mahaɗa wajen 200 inda titi ya gitta layin dogo. Abin da aka yi shi ne layin Alameda da aka buɗe a 2002, tsawonsa kilomita 32 kacal, wajen rabinsa a cikin wani dogon rami aka shimfiɗa shi, tituna suka bi ta sama. Ƙasa mai layin dogo dubban kilomitoci, amma wannan ɗan maƙogwaron ne ya shaƙe ta.

Don haka a zama na gaba ka nemi a ba ku wata biyu ko uku ku tattaro lissafi, kuma don Allah ku gayyato direbobi da 'yan dako da masu sito su zauna da ku, kar ku tsaya kan injiniyoyi da manyan 'yan kasuwa kaɗai. Direba zai gaya maka kwanar da tirela ba ta iya shanyewa da inda ba wurin fakin a kwana, abin da ba za ka taɓa gani a taswira ba.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe ni direban tirela ne shekara 19 ina kan hanya. Maganar sikelin nan da ake kafawa a hanya ni ban ga amfaninta ba in ba takura ba, motata tana iya jan kayan, injin bai yi kuka ba, tayoyi ba su fashe ba, to ina ruwan wani da ɗan ƙarin da na yi? In ban yi obalodi ba kuɗin dakon ba ya fitar da ni. Daga wani direba.

AMSA: Maigida sannu da hanya, Allah ya tsare. Na yarda motarka tana iya ja, kwaltar ce ba ta iya ɗauka. Tsakanin 1958 da 1960 an yi wani babban gwaji a jihar Illinois ta Amurka, aka shimfiɗa hanyoyi na musamman aka riƙa zagaya su da motoci masu nauyi daban-daban kusan dare da rana ana auna yadda suke lalacewa. Abin da aka gano har yau injiniyoyi da shi suke aiki: ɓarnar da gatarin mota, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyin hagu da dama, ke yi wa hanya ba daidai da nauyinsa take ƙaruwa ba, tsalle take yi. In ka ninka nauyin da ke kan gatari ɗaya sau biyu, ɓarnar wajen sau 16 take zama. Ko daga tan 10 ka kai shi 13, wanda a idonka ɗan ƙari ne, ɓarnar ta kusa ninkuwa uku. Shi ya sa za ka ga hanyar da aka ce za ta yi shekara 20 ta fara yin kwari-kwari a sawun taya tun ba a je ko'ina ba, kuma kai ne dai za ka dawo kana canza sifirin da taya a kanta.

Amma inda kake da gaskiya, kuma masu tsari su ji da kyau, shi ne maganar kuɗin dako. Muddin wani zai yi obalodi ya wuce sikeli da ɗan abin hannu, to shi zai karya farashi, kai mai bin doka ka rasa lodi. Sikelin da ke kama wasu ya saki wasu gara babu shi. Kuma in yanki ya haɗa ƙasashe ko jihohi da yawa dole dokar nauyin ta zama iri ɗaya, ba motar da ta halatta a nan ta haramta bayan ta tsallaka gada ba. Sannan wurin da ya fi dacewa a auna mota shi ne inda aka yi mata lodi, a ɗora laifin kan mai kayan da ya cusa mata, ba a bari sai tsakiyar daji a tare direba shi kaɗai ba.

TAMBAYA: Malam wai me ya hana a mayar da duk kayan nan kan jirgin ƙasa kowa ya huta da tireloli? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Ƙanena da abin da sauƙi haka da tuni an yi. Jirgin ƙasa gwani ne in kayan masu nauyi ne, masu yawa, tafiyar kuma doguwa ce, irin su siminti, ma'adinai, mai, ko kwantena ɗari da za su wuri ɗaya. Sai dai jirgi ba ya zuwa ƙofar shagon kowa, dole mota ta kai masa kaya ta kuma karɓa a ɗaya bakin, kowane saukewa da ɗorawa kuwa kuɗi ne da lokaci, in tafiyar gajera ce wannan kaɗai ya cinye ribar. Abin da ya rage wannan wahalar shi ne kwantena, kuma abin sha'awa mai motocin dako ne ya kawo ta, Malcom McLean, wanda a 1956 ya ɗora akwatuna 58 a jirgin ruwa daga Newark zuwa Houston don ya gaji da ganin ana sauke kaya ɗaya bayan ɗaya ana sake lodawa. Tashoshin tsandauri da kake ji ana ginawa nesa da teku duk a kan wannan dabarar suke, akwatin ya sauka daga jirgin ruwa ya hau tarago ba a buɗe shi ba sai can cikin ƙasa.

Ga kuma matsalar faɗin layi. Wani layin dogon milimita 1,435 ne tsakanin ƙarafunansa, wani 1,067, wani mita ɗaya cif, tarago na wannan ba ya hawa wancan. Ko faɗin ya zo ɗaya ma sai maƙwabci ya yi nasa aikin. Holan ta buɗe layin Betuwe a 2007, kilomita 160 na kaya zalla daga tashar Rotterdam zuwa iyakar Jamus, amma faɗaɗa ɓangaren Jamus ya ja shekaru masu yawa, jiragen su taho a guje su zo su shiga layi ɗaya da na fasinja. Inda abin ya fi tafiya daidai shi ne inda aka haɗa gini da doka, kamar Suwizalan da tun 2001 take cajin manyan motoci gwargwadon nauyi da nisan da suka yi da hayaƙin da suke fitarwa, ta zuba kaso mai yawa na kuɗin a layin dogo, har ta buɗe ramin Gotthard mai kilomita 57 a ƙarƙashin duwatsu a 2016.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni 'yar kasuwa ce ina aika kaya ƙetaren iyaka, abu biyu ke damuna. Na farko a duba kaya a wannan gefen, a matsa taku kaɗan a sake sauke su a duba a wancan gefen, takarda ɗaya sai na cike ta sau uku. Na biyu mai mota ya caje ni kamar kuɗin zuwa da dawowa wai don fanko zai dawo, shin wannan adalci ne? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Na farkon yana da magani kuma an gwada shi. A Chirundu, kan iyakar Zambiya da Zimbabuwe, tun 2009 aka haɗe ma'aikatan ƙasashen biyu, mota ta tsaya sau ɗaya a gefen ƙasar da za ta shiga, na fita da na shiga su gama da ita a nan. Akwai kuma yarjejeniyar TIR ta 1975 wadda a ƙarƙashinta ake ɗaure kaya da hatimi tun daga inda suka taso, ƙasashen da aka ratsa su amince da hatimin ba sai sun buɗe ba. Ginin ofis ɗin shi ne mai sauƙi, mai wuyar shi ne hukumomi su yarda su yi aiki da takarda ɗaya da kwamfuta ɗaya da lokacin tashi ɗaya, don na sha ganin iyakar da gefe guda ke aiki har dare ɗaya gefen ya kulle tun la'asar.

Na biyun kuma, kar ki ga laifin mai mota sosai, man da zai ƙona a dawowa da kwanakin direba dole wani ya biya, kuma ke ce a gabansa. Ko a Tarayyar Turai da duk tsarinsu kusan kashi ɗaya cikin biyar na tafiyar manyan motoci fanko ake yinta. Abin da ke rage shi shi ne a samu matattara inda masu kaya da masu mota ke ganin juna, ko ta hannun 'yan kamasho ko ta manhajar waya, yadda motar da ta sauke yau za ta san akwai lodin komawa gobe. Kafin masu tsari su kai ga wannan, ki nemi wata 'yar kasuwar da ke sayo kaya daga can inda kike aikawa, ku ɗauki mota ɗaya ku yi ciniki da mai ita a kan zuwa da dawowa gaba ɗaya, ke ki biya tafiya ita ta biya komowa. Ku dai rubuta a takarda wanda zai biya kuɗin kwana in motar ta je ta tarar lodin komawar bai haɗu ba.