Agogo mai launi biyu da jakar goyo mai ƙarin aljifai: abin da na gani

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya dace ka sayi agogon kurono mai launi biyu, wato mai maɓallan auna daƙiƙa, domin ajiya, kuma ko jakar goyo da ake ɗaura wa ƙarin aljifai za ta yi maka amfani a tafiyar daji. Na daɗe ina tara agogo, kuma aikina yakan kai ni ƙauyukan Tanut da Gure, saboda haka zan faɗa maka abin da ƙura da zufa suka koya mini.

Launi biyu iri biyu ne. Akwai wanda aka haɗa baƙin ƙarfe marar tsatsa da zinariya ta gaske, kamar abin da Rolex ke kira Rolesor, wanda Daytona, agogon kurono na Rolex, ta fito da shi a 1988 da inji daga kamfanin Zenith. Irin wannan ne masu tarawa ke nema, kuma darajarsa tana tare da takardunsa da akwatinsa. Akwai kuma wanda aka shafa wa ruwan zinariya kawai. Na taɓa sayen irin na biyun a hannun wani ɗan kasuwa, bazara ɗaya ta ishe shi: zufa ta cinye ruwan daga gefen maɗauri, har ya riƙa bar mini kore a wuyan hannu. Kafin ka biya, ka danna maɓallin sama ka ga doguwar allurar ta tashi, ka tsayar da ita, sannan ka danna na ƙasa ka ga ta koma kan sha biyu daidai, domin a jabu ƙananan da'irorin da ke fuskar agogon sau da yawa ado ne kawai. Lambobin gefe ma suna da aiki: a hanyar Mirya, idan mota ta ci kilomita ɗaya cikin daƙiƙa 45, allurar za ta nuna 80, gudunka ke nan a awa. Sai dai ka tuna hukuncin sanya zinariya ga namiji, ka tuntuɓi malaminka kafin ka zuba kuɗinka.

Ko da ka saya, kada ka shiga daji da shi. Ƙurar hunturu ta maɓallan nan take shiga, kuma mai gyaran injin kurono ba a ko'ina ake samunsa ba. Casio mai sauƙin kuɗi ya wadatar da ni.

Jakar kuwa tana da amfani, amma da sharaɗi. Tsarin layukan igiyar da ke jikinta daga sojojin Amurka ya samo asali, kuma yana ba ka damar cire ƙaramar jakar magani ko ta ruwa ka bar babbar a masauki. Kuskuren da na yi da farko shi ne cika bayanta da aljifai, sai nauyin ya riƙa ja na baya, karangiya kuma ta manne a kowane layi har na ɓata yamma guda ina tsince ta da yatsa. Yanzu aljifai biyu kawai nake ɗaurawa, a gefe. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka ruwan ya zauna a ciki, jikin bayanka, kuma ka zaɓi mai ɗamarar ƙugu mai kauri, domin ƙugu ne ya kamata ya ɗauki nauyin, ba kafaɗa ba. Zif ne ke fara mutuwa saboda yashi. Nawa sau biyu wani baduku a Birni yana canza mini shi, daga baya na ce ya sa mini maɗaurin fata.