Amsa: Wa ya ƙirƙiro kwamfuta?

Malam, ka ce gardama ta kaure a majalisarku ta Agege kan wanda ya ƙirƙiro kwamfuta, wasu na cewa Bill Gates. A'a, shi manhaja ya yi, kuma a baya-bayan nan ya zo.

Tun 1642 Blaise Pascal na Faransa ya ƙera na'urar tarawa da ɗebewa don sauƙaƙa wa mahaifinsa lissafin haraji. Amma in dole sai an ambaci mutum ɗaya, ni Charles Babbage na Ingila zan ce. A 1837 ya zayyana injin da ke da ma'ajiyar lambobi daban, wurin sarrafa su daban, ana ba shi umarni da kati mai huji-huji, dabarar da ya aro daga injin saƙa na Jacquard. Tsarin da ke cikin kwamfutocin da ake sayarwa a Ikeja ke nan, sai dai nasa na ƙarfe ne zalla, babu lantarki. Har ya mutu a 1871 bai gina shi ba. Ada Lovelace kuwa, wata masaniyar lissafi 'yar Ingila, ta rubuta wa injin matakan lissafi a 1843.

Kwamfuta mai aiki da lantarki sai a shekarun 1940, irin ENIAC da aka kammala a 1945 a Amurka, nauyinta wajen tan 30.