An ba ɗana Fiziks, yana son injiniyanci: a biya a canza masa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana ya nemi injiniyancin lantarki, sai aka ba shi Fiziks, kuma ya riga ya karɓa a shafin JAMB. Wani da ya ce yana da hanya ya nemi mu ba shi kuɗi, yaron ya fara zama ajin injiniyoyi tun yanzu, takarda za ta biyo baya. Yaron ya daina cin abinci sosai, ni kuma hankalina bai kwanta ba. Mene ne abin yi? Daga wani uba a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya shirya mana zuri'a. Kada ka ba mutumin nan ko kwabo, kuma kada yaron ya bar ajin da aka rubuta sunansa a ciki.

Canjin kwas abu ne mai yiwuwa, kuma Fiziks na cikin wuraren da suka fi sauƙin tashi zuwa injiniyanci, domin darussan aji ɗaya, wato Lissafi da Fiziks da Kemistiri, kusan iri ɗaya ne a ɓangarorin biyu. Da bai danna karɓa ba, da sai ya je cibiyar da JAMB ta amince da ita ya nemi gyaran kwas. Tunda ya karɓa, hanyar da ta rage ita ce ta cikin jami'a: ya kammala shekarar farko da maki mai ƙarfi, ya cike fom ɗin canjin sashe idan an buɗe, sashen da zai bari ya sake shi, wanda zai koma ya amince, sannan majalisar jami'a ta tabbatar. Za a duba ko yana da kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare da suka haɗa da Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri, kuma ko waɗannan huɗun ya rubuta a jarrabawar JAMB. Makin da ake nema ya bambanta daga jami'a zuwa jami'a, saboda haka ofishin magatakarda ne wurin tambaya.

Yanzu bari in tsaya kan maganar da ta fi damuna, domin kusan kullum sai na ji ta: “Ka dai shiga, idan kana ciki komai mai sauƙi ne.” Wannan magana ta cinye shekarun yara da yawa. Tun daga 2017, lokacin da JAMB ta kawo tsarin CAPS, wato tsarin ba da gurbin karatu ta intanet, gurbin ɗalibi shi ne abin da ke rubuce a na'urar hukumar, kuma ta sha nanata cewa duk gurbin da aka bayar a bayan fage haramtacce ne. Yaron da ya zauna ajin injiniyoyi ba tare da sunansa a rajistarsu ba baƙo ne kawai: zai yi aikin gida, zai shiga ɗakin gwaji, wataƙila ma ya rubuta jarrabawa, amma babu inda za a zuba makinsa. A lokaci guda kuma sashen Fiziks yana rubuta masa faɗuwa a darussan da bai halarta ba, har a kai ga sallamarsa. Ya saki reshe ya kama ganye ke nan.

Mai hanyar nan ba zai gaya muku cewa gurbin injiniyanci a ƙidaye yake ba. Hukumar jami'o'i ta NUC da majalisar COREN, wadda aka kafa a 1970 don kula da aikin injiniya, suna duba yawan malamai da kayan aiki kafin su amince da kowane kwas, kuma sashen da ya cika aji fiye da ƙima yana jefa amincewar da aka yi masa cikin haɗari. Wane shugaban sashe ne zai yi wannan kasada saboda kuɗin da aka karɓa a gindin bishiya? Ko da an yi sa'a wani ya cusa sunan, matsalar tana jira a gaba, ranar da za a tura sunaye bautar ƙasa, a tarar takardar JAMB ta ce Fiziks, sakamakon jami'a ya ce injiniyanci. A lokacin mai hanyar ya daɗe da canza lambar waya. Jami'o'in ma suna da nasu laifin, domin da suna manna ƙa'idar canjin sashe a fili da ranar buɗewa da ta rufewa, da 'yan damfara ba su sami kasuwa ba. Saboda matsalar bautar ƙasar nan, ko canjin halal aka yi, dole ɗalibi ya bi sawu har a gyara bayanansa a JAMB, ya riƙe sabuwar takardar a hannunsa.

Ku kuma shirya wa yiwuwar a ce babu gurbi. Injiniyanci shekara biyar ne, Fiziks huɗu, kuma ana iya sa wanda ya canza ya maimaita aji. Idan abin ya ƙi, yana iya sake rubuta JAMB ya nemi tsangayar injiniyanci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko wata, ko ya yi difloma ta ƙasa a fannin injiniya a kwalejin kimiyya da fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, ya dawo ta hanyar shiga kai tsaye zuwa aji biyu idan sakamakonsa ya kai.

A wannan makon, Alhaji, ku je tare da shi wurin jami'in da ke kula da 'yan aji ɗaya a sashensa, ku tambayi makin da ake nema da watan da ake fitar da fom, ku rubuta amsar a takarda, sannan yaron ya koma aji ya dage da Lissafi.