Kwalin ƙwai ba ya tare ƙara: amsoshin tambayoyinku kan situdiyon gida

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na mayar da ɗakina a Zariya situdiyo, na manne kwalayen ƙwai a bango da silin, na kuma ƙara da soso, amma har yanzu maƙwabta suna ƙorafin cewa kiɗa yana hana su barci. Soso nawa zan ƙara?

Amsa: Ƙanena, kada ka ƙara ko guda, kuma ka mayar wa mai shayi kwalayensa, domin ya fi ka buƙatarsu. Wannan tambaya tana yawan zuwa mini, kuma tana damuna ƙwarai, saboda matasa suna kashe ɗan abin da suka tara a kan maganin da bai shafi cutar ba.

Aiki biyu ne daban ake haɗawa wuri ɗaya. Na farko shi ne hana ƙara fita ko shiga ɗaki, na biyu kuma shi ne gyara yadda sauti yake yawo a cikin ɗakin, wato rage amsa-kuwwa. Soso da labule da kafet duka na aiki na biyu ne, kuma ko a can ɗin ma sai siririn sauti kawai suke iya sha. Abin da yake damun maƙwabcinka shi ne ƙugin bes, wato kakkauran sauti, da dukan ganga, wanda tsawon zangonsa, wato nisan da yake ci a girgiza ɗaya, ya fi ƙarfin soso. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, saboda haka zangon sauti mai haz 100, wato mai girgiza sau 100 a daƙiƙa, ya kai kusan mita 3.4, alhali kaurin soson da ka manna bai wuce santimita 5 ba. Irin wannan sauti yana ratsa shi ya girgiza bangon, bangon kuma ya miƙa shi ɗakin da ke maƙwabtaka da kai.

Abubuwa uku ne suke tare ƙara: nauyi, da toshe kafa, da raba jikin gini da jikin gini. A lissafi, duk lokacin da ka ninka nauyin bango, ƙarar da take ratsawa tana raguwa da kusan desibel 6 ne kawai a ma'aunin ƙarfin ƙara, don haka aikin yana da tsada, kuma duk wanda ya ce maka akwai hanya mai araha ta kammala shi yana son sayar maka da kaya ne. Sai dai idan ɗakinka na bulo ne da aka yi wa filasta, bangon ba shi ne babbar matsalarka ba. Ka duba ƙofa, da taga, da silin. Sauti kamar ruwa yake, ƙaramar kafa ta ishe shi, kuma ratar da take ƙarƙashin ƙofa kaɗai tana iya ɓata ƙoƙarin bango gaba ɗaya. Ka kashe fitila da rana ka rufe ɗakin. Duk inda haske ya leƙo, ta nan kiɗanka yake fita. Ka sa ƙofar katako mai nauyi wadda ba fanko ba ce, ka kewaye bakinta da roba, ka ƙara gilashi na biyu a taga da rata tsakaninsu. Idan kuma bangon da ya raba ku bai kai har kwano ba, ya tsaya a silin kamar yadda ake yi a gidajen haya da yawa, to ƙarar tana tsallakawa ne ta sama, kuma sai magini ya cike wannan gurbin.

Akwai abin da ya fi asarar kuɗi muni, wato gobara. Kwali da soson katifa suna kama wuta nan take, soson kuma yana fitar da hayaƙi mai guba. A shekarar 2003, a wani gidan rawa da ke jihar Rod Ailan ta Amurka, tartsatsin wasan wuta ya kama soson da aka manna a bango don rage ƙara, mutum 100 suka rasu. A 2013 irin haka ta faru a garin Santa Mariya na ƙasar Birazil, inda aka rasa mutum fiye da 240. Ɗakinka yana cike da wayoyin lantarki, ƙofarsa ɗaya ce, wataƙila ma tagar a toshe take. Don Allah ka ɓamɓare kwalayen da soson a wannan makon.

Idan kana son gyaran sautin ciki, kafinta ya haɗa maka firam na katako mai kaurin santimita 10, a cika shi da audugar dutse irin ta Rockwool, a lulluɓe da yadin da iska take ratsawa, kuma mai aikin ya sa safar hannu da takunkumi. Ka fara da kusurwoyi, inda bes yake taruwa.

Tambaya: Malam, duk abin da na ɗauka sai na ji wani gurnani a ƙarƙashinsa, musamman idan an kunna janareta.

Amsa: Wannan gurnanin lantarki ne mai haz 50, ba laifin bango ba ne. Ka cire cajar kwamfutar ka ɗauka da batiri. Idan ya ɓace, ka nemo mai gyaran wuta ya duba wayar ƙasa, wato wadda take haɗa wutar gidan da ƙasa. Ka raba wayar makirufo da wayoyin wuta, janaretan kuma ya yi nesa da ɗakin, a waje.

Tambaya: Ni mai karanta littattafan sauraro ce a Maraɗi. Wane makirufo zan saya don kada a ji kukan kaji da babura?

Amsa: 'Yar'uwa, ki sayi makirufo na dainamik, wato wanda ba ya saurin ɗaukar ƙarar nesa, irin Shure SM58, ki kusantar da bakinki kamar santimita 10, ki rage ƙarfin shigar sauti. Ki riƙa ɗauka bayan sallar isha, lokacin da unguwa ta lafa, wanda shi ne lokacin da nake ba kowa shawara. Manhajar Audacity kyauta ce kuma tana rage hayaniya, amma idan kika matsa mata da yawa za ta ɓata muryar.

Tambaya: Waƙa tana yi mini daɗi a situdiyo, amma idan na saurara a waya ko a mota sai ta canza.

Amsa: Ɗakin ne yake yaudarar kunnenka. Ka jera sifikokin biyu da wurin zamanka ta yadda tazarar da take tsakanin ku uku za ta zama daidai, su kuma fuskanci kunnuwanka. Sannan ka zauna a kujerarka, wani ya riƙa jan madubi a jikin bangon gefe. Duk inda ka hango sifika a madubin, nan za ka rataya firam ɗin audugar dutsen nan. Kafin ka ba wa mai waƙa aikinsa, ka saurare shi a ƙaramar waya da hedifon mai araha, domin da su ne yawancin mutane za su ji shi.